Dillalan Likitoci Da La'adarsu

Duk wanda ya saba bin Titin Zariya da sassafe, daga Unguwa Uku ya nufo Gyadi-Gyadi, ya san irin cinkoson da ake yi a ƙofar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ga masu jinya ɗauke da kuloli da tabarmi, ga 'yan adaidaita sahu suna sauke wannan suna ɗaukar wancan, ga motocin da suka yi sammako daga Jigawa da Katsina da Bauchi, wasu ma daga Damagaram. Mu mazauna Daurawa da Tarauni da Darmanawa, asibitin nan maƙwabcinmu ne, ma'aikatansa kuwa da su muke haɗa sahu, wasunsu ma a gidajenmu suke haya. Saboda haka ba sai an ba mu labari ba. Mun sha wayar gari a nemi likita a masallacin unguwa a rasa, in an tambaya a ce ai ya tafi Sa'udiyya, ko ya tafi Ingila, iyalinsa ma suna shirin bin bayansa.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne hanyar da yake bi ya tafi. Mutane sun ɗauka tafiyar likita irin ta 'yan Kano-Jidda ce, a sami biza a hau jirgi. To, ba haka abin yake ba. Tsakanin likitan da asibitin da zai ɗauke shi akwai dillali, watau kamfanin ɗaukar ma'aikata, akwai kuma ƙofofi da dama waɗanda sai an buɗe masa su ɗaya bayan ɗaya cikin watanni. Tun da yake masu karanta shafin nan 'yan kasuwa ne da ma'aikatan gwamnati, ɗan kasuwa ya san dillanci ciki da bai, ma'aikaci kuwa shi ke sa hannu a kan takardun da ake tafiya da su, na ga ya kamata mu duba yadda wannan ciniki yake gudana, da inda halas ɗinsa ya tsaya.

Mu fara tuna cewa Kano ta daɗe tana ɗauko ƙwararru daga waje kafin a fara ɗauke mata nata. A 1934, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka buɗe makarantar koyon shari'a ta lardunan Arewa a nan Kano, wadda a 1947 ta koma Makarantar Nazarin Larabci, kuma daga Sudan aka ɗauko malamanta na farko, cikinsu har da Shehu Bashir al-Rayyah. Da kuɗin man fetur suka zo a shekarun 1970, sai jihohin Arewa suka cika makarantunsu da asibitocinsu da mutanen Indiya da Pakistan da Masar da Filifin da Gana. Da wuya a sami tsohon ma'aikaci cikin masu karatu wanda bai tuna wani Ba'indiye da ya koya masa lissafi ba, ko wani Bamisire da ya duba shi a asibitin birni. A lokacin nan mu ne masu aika jami'ai su zauna a otal a wata ƙasa suna tantance mutane.

Sai reshe ya juye da mujiya. Farashin mai ya faɗi, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta zube. Baƙin nan suka tattara kayansu, manyan likitocinmu na asibitocin koyarwa kuma suka fara bin sawunsu zuwa ƙasashen Larabawa. A 1988 gwamnati ta kafa kwamiti don ya binciki wannan gudu na masana, a shekarar kuwa aka kafa asibitin Malam ɗin da muke magana a kansa. Ka ga ke nan ciwon sa'an asibitin ne.

Ranar da abin ya fito fili kowa ya gani ita ce a watan Agusta na 2021. Likitoci masu neman ƙwarewa suna cikin yajin aiki, sai wani kamfani ya shirya ganawa a madadin Ma'aikatar Lafiya ta Sa'udiyya, a Legas da kuma otal ɗin Sheraton na Abuja. Ɗaruruwan likitoci suka yi layi da takardunsu a hannu, cikinsu har da masu furfura waɗanda suka yaye ɗalibai, jaridu suka ɗauki hotuna, ƙasa ta ɗauka. Shekara biyu kafin nan, a Afrilun 2019, ministan ƙwadago na lokacin, Dokta Chris Ngige, wanda shi kansa likita ne, ya faɗa a talabijin cewa Nijeriya tana da rarar likitoci, mai son tafiya ya tafi. Wanda ya taɓa kwana a benci yana jiran a kira sunan majinyacinsa shi ya san ko akwai rara.

To, yaya ake cinikin? Farkonsa daga can ne. Asibiti ko ma'aikata a Sa'udiyya takan sami izinin biza na adadin mutane daga hukumar ƙasarta, sa'an nan ta rubuta wa kamfani takardar buƙata: muna son likitocin tiyata kaza, masu sa barci a ɗakin tiyata kaza, likitocin mata da na yara kaza, a kan albashi kaza. Tare da ita akan ba kamfanin wakala, kalmar da muka sani a littattafan fiƙihu, watau iznin ya tsaya a madadin mai ɗaukar aikin. Waɗannan takardu biyu su ne jarin dillalin gaskiya. Ɗan kasuwa ba ya sauraron dillalin gida wanda mai gida bai sa shi ba, to haka nan wannan. A gefen Nijeriya kuma, dokar ƙwadago ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya mallaki lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Tambayar lasisin nan da takardar wakala ba rashin kunya ba ce, haƙƙin mai neman aiki ne.

Daga nan sai cigiya. A da a jarida ake bugawa, yanzu kuwa saƙo ne yake yawo a WhatsApp da LinkedIn daga wayar wannan likita zuwa ta wancan. Kamfani ya tara takardun tarihin aiki ya fara tankaɗe da rairaya. Abin da yake dubawa ba shi da yawa, amma ba ya sassauci a kansa: digirin likita, cikakkiyar rajista da Majalisar Likitoci ta Nijeriya, takardar ƙwarewa daga Kwalejin Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas ko daga kwalejojin Afirka ta Yamma, da yawan shekarun da mutum ya yi yana aiki bayan ya sami ƙwarewar. Akan kuma duba ko akwai giɓi, watau dogon lokacin da mutum ya ajiye aikin asibiti. A nan ne wanda ya fito daga asibitin koyarwa yake da daraja a idon dillali, domin ya ga majinyata iri-iri, an horar da shi da Turanci, hannunsa ya faɗa. Asibitin da ya fara dashen ƙoda tun 2002 ba ya buƙatar talla, sunansa a kan takarda ya isa.

Ganawar ita kanta gajera ce. Wakilan asibitin su zo su zauna a ɗakin taro na otal, ko a yi ta ta bidiyo, su jefa wa mutum tambayoyi a kan fanninsa. Wanda ya gamsar da su a miƙa masa takardar tayin aiki. Da yawa sukan ɗauka an gama, har su fara sallama da dangi. Alhali kuwa yanzu aka sa ɗamba.

Ba mai taɓa majinyaci a Sa'udiyya sai hukumar kula da ƙwararrun lafiya ta ƙasar ta yi masa rajista ta ba shi matsayi, ita kuwa ba ta yarda da takarda don ta ga tambari a kanta. Akwai kamfani mai suna DataFlow, wanda aikinsa ke nan. Zai rubuta wa jami'ar da ta ba da digirin, ya rubuta wa majalisar da ta ba da lasisin, ya rubuta wa asibitin da aka ce an yi aiki, yana tambaya: kun san wannan mutum, daga yaushe zuwa yaushe, a wane matsayi? Wasiƙar nan kan teburin wani ma'aikaci take sauka, a Jami'ar Bayero ko a Zariya ko a Maiduguri, watakila ma mai karanta wannan shafi ne. In ya yi jinkirin amsa, ya tsayar da rayuwar wani. In kuwa ya ƙara wa ɗan'uwansa shekara biyu don taimako, to ya sani shaidar zur ya bayar da alƙalami, kuma ran da aka gano, wanda ya so ya taimaka ɗin ne za a rufe wa ƙofa, ba a Sa'udiyya kaɗai ba, domin yawancin ƙasashen yankin da kamfanin nan suke aiki.

Bayan wannan akwai jarrabawa ta kwamfuta a cibiyoyin Prometric, ko ganawa da kwamitin ƙwararru ga manya. Sa'an nan hukumar ta yanke matsayi, kuma matsayin nan shi ne albashi. Yana yiwuwa mutum babban likita ne a nan, ana tashi tsaye in ya shigo, a can a ajiye shi a matakin da ke ƙasa da haka saboda shekarunsa bayan ƙwarewa ba su cika yadda suke so ba. Sai gwajin jini da hoton ƙirji, sai tabbatar da takardu a ma'aikatun ilmi da na harkokin waje da ofishin jakadanci, sai biza. In ya sauka a ba shi igama, katin zama, a ƙarƙashin sunan wanda ya ɗauke shi.

Malamanmu ba baƙi ba ne ga wannan tsari. Ɗaukar ƙwararre daga wata al'umma abu ne da ya tabbata tun ranar Hijira, sa'ad da aka yi ijarar Abdullahi bn Uraiƙiɗ ya nuna hanyar Madina, alhali bai musulunta ba a lokacin, don ya san hanya kuma an amince masa. Ƙissar Annabi Musa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, a Madyana, cikin Suratul Ƙasas, ta ambaci siffofi biyu na wanda ya cancanci a ɗauka aiki, ƙarfi da amana, ta kuma ambaci wa'adi, shekara takwas, in ya so ya cika goma. In ka duba da kyau, jarrabawar kwamfuta ƙarfin take aunawa, binciken takardu kuwa amanar. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan birnin nan, ta sharɗanta wa ijara abu biyu, a ambaci wa'adi a kuma ambaci lada. Duk yarjejeniyar da aka ce wa mutum sa hannu tukuna, albashi sai ka isa, akwai garari a cikinta tun daga tushe.

Inda na fi so mu tsaya shi ne batun la'ada, don a nan ake yanka mutane. Dillanci sana'a ce halattacciya, ladan dillali ma halas ne. Amma wa zai biya, kuma yaushe? A tsarin kamfanonin gaskiya asibitin da ya nemi ma'aikaci shi ke biyan kamfani, bayan ma'aikacin ya isa ya kama aiki. Yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka zartar a 1997, ta hana kamfanonin nan cajin ma'aikaci. Dokar Ingila ta 1973 ta hana. Dokar ƙwadago ta Sa'udiyya ta ɗora kuɗin ɗauko ma'aikaci da kuɗin igamarsa da tikitin komawarsa gida a wuyan mai ɗaukar aiki. Fiƙihunmu kuwa ya riga su. Irin wannan ciniki na samo mini abu kaza in ba ka kaza, shi malaman Malikiyya suke kira ju'ala, kuma sun ce mai yin ta ba ya cancantar lada sai aiki ya kammala, sun kuma hana a sharɗanta biyan kuɗin tun kafin a yi aikin, domin kuɗin zai zauna a tsakani, ba a sani ba ko lada ne ko rance. Saboda haka wanda ya ce a zuba masa miliyoyin naira kafin a ga takardar tayin aiki, ya saɓa wa dokar Turawa, ya saɓa wa ta Larabawa, ya saɓa wa littafin da kakansa ya karanta.

Kada a fahimce ni a karkace. Akwai kuɗaɗen da mai neman aiki yakan biya da gaske, kamar kuɗin binciken takardu da na jarrabawa da na takardar shaidar kyakkyawan hali daga majalisar likitoci. Amma waɗannan kai tsaye ake biyansu ga masu su, a ba da rasit da sunan mai biya. Ba sa bi ta asusun wani mutum.

Hanyar Ingila ta sha bamban. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin ɗaukar ma'aikatan lafiya tsakanin ƙasashe, daga baya ta jera ƙasashen da ƙarancin ma'aikatansu ya kai a tausaya musu, Nijeriya tana cikin jerin 2020 da na 2023. Bisa wannan, Ingila ta sa mu cikin ƙasashen da aka hana kamfanoni su je farautar ma'aikatan lafiya. Sai dai hanin bai hau kan wanda ya nemi aiki da kansa ba. Likita ya ci jarrabawar Turanci, ya ci kashi na farko na jarrabawar PLAB, ya je Manchester ya ci na biyu, majalisar likitocin Ingila ta yi masa rajista, shi ke nan. An rufe ƙofa an bar taga. A Oktoban 2022 BBC ta ba da rahoton yadda wani kamfani ya riƙa ɗaukar likitocin Nijeriya yana tura su asibitoci masu zaman kansu, suna aiki dare da rana na tsawon kwanaki ba hutu. A 2023 kuma majalisar ma'aikatan jinya ta Ingila ta soke sakamakon jarrabawar da aka yi a wata cibiya a Ibadan saboda zargin maguɗi, abin ya shafi mai laifi da marar laifi, wasu suna tsakiyar aiki a can aka ce su sake zama. Bizar masu kula da tsofaffi kuwa, wadda 'yan damfara suka yi ta sayar wa mutane takardunta na bogi, Ingila ta daina ɗauko sababbi daga waje da ita a Yulin 2025. Wanda ya zo maka da tayinta bayan wannan, ka san abin da ya kawo shi.

Wanda ya sami tayin gaskiya ma bai kamata ya sa hannu da rawar jiki ba. A dokar Sa'udiyya, in aka sami saɓani tsakanin nassin Larabci da na Turanci, na Larabcin ne hujja, don haka a kai wa wanda ya iya ya karanta, Kano ba ta rasa su ba. A duba lokacin gwaji, da sa'o'in aiki, da gidan zama, da wanda zai biya harajin iyali, wanda aka fara karɓa a 2017 a kan riyal 100 kowane wata ga kowane mutum, ya hau zuwa 400 a 2020. Mai mata da 'ya'ya biyar ya yi lissafi da kansa. An sassauta tsarin kafili a Maris na 2021, ma'aikaci yana iya sauya wurin aiki bisa sharuɗɗa, riƙe fasfon ma'aikaci kuma laifi ne a dokarsu, amma sassaucin bai haɗa da 'yan aikin gida ba, waɗanda su ne mafi yawan 'yan'uwanmu mata da ake kaiwa. A kuma tambayi garin. Da yawa abin da ke jansu shi ne maƙwabtaka da Harami, su yi ta Umra, kuma niyya ce mai kyau. Amma dillali bai yi alkawarin Makka ba. Ana iya tura mutum Najran a bakin iyakar Yaman, ko Arar a hanyar Iraƙi, inda zuwa Ka'aba tafiya ce ta jirgi.

Saura mu da aka bari. Imam Gazali a cikin Ihya ya lissafa likitanci cikin farillan kifaya, waɗanda in gari ya rasa mai yin su kowa ya ɗauki laifi. Ni a ganina laifin nan bai tsaya a kan likitan da ya tafi ba. Riyal tana nan a kan 3.75 ga dala tun 1986, naira kuwa daga wajen 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, mutum yana da iyaye da ƙanne a wuyansa, ba za a ce masa ya ci haƙuri da tuwo ba. Wanda nake ganin bashi a kansa shi ne wanda jiha ta ɗauki nauyin karatunsa bisa alkawarin zai yi mata aiki na shekaru kaza, ya sa hannu, sa'an nan ya sulale. Wannan ya cika wa'adinsa ko ya biya, kuɗin talakawa ne.

Gwamnati ta gwada tarewa da ƙarfi. A 2023 wani ɗan majalisar wakilai, Ganiyu Johnson, ya kawo ƙudurin hana likita cikakken lasisi sai ya yi aikin shekara biyar a gida, likitoci suka yi masa ca. A Fabrairun 2024 majalisar ma'aikatan jinya ta Nijeriya ta ce ba za ta tabbatar da takardun mai son fita ba sai ya yi aikin shekara biyu, nas-nas suka fito zanga-zanga a Abuja da Legas. A Agustan shekarar Shugaba Bola Tinubu ya amince da wata manufa ta ƙasa a kan ƙaurar ma'aikatan lafiya, wadda ta karkata ga gyara yanayin aiki da ƙulla yarjejeniya da ƙasashen da ke ɗauka. Ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya faɗa a 2025 cewa likitoci fiye da 16,000 ne suka bar ƙasar nan cikin shekaru biyar zuwa bakwai da suka gabata.

Dillali yakan gama nasa aikin, daga cigiya zuwa hawa jirgi, cikin 'yan watanni. Yaron da ya shiga ajin farko na likitanci a Jami'ar Bayero kuwa, zai yi shekara shida a makaranta, shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, shekara ɗaya ta bautar ƙasa, sa'an nan shekara biyar ko shida ta neman ƙwarewa, in ba a yi yajin aiki ba, in kuma ya sami gurbi da wuri. Sai bayan shekara goma sha uku ko sha huɗu zai iya zama a kujerar wanda ya tafi, in har an bar masa wanda zai koya masa a Gyadi-Gyadi.